Fitilar da Na Haɗa da Langar Aurena

Gidan da babban ɗanmu ya gina mana a Tumfure, bayan garin Gombe, yana da gareji, amma ba mu da mota. Shi ya ce a bar wurin, wata rana za a saya. Ya koma wurin aikinsa a Kudu, ƙannensa mata biyu kuma suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Bauchi ɗaya a Dawaki. Sai aka bar ni da Malam, mu biyu, a gida mai ɗaki huɗu. A Kumbiya-Kumbiya, inda muka tsufa a gidan haya, ko tari mutum ya yi sai an ce masa sannu ta bayan katanga. A nan kuwa, idan damina ta sauka, masara ce maƙwabciyarmu ta gabas da ta kudu.

Malam gyaran keken ɗinki yake yi tun kafin ya aure ni. Da muka tare, sai ya mayar da garejin shagonsa. Ya kafa tebur, ya jera sukundirebobi a kan tsumma, ya rataye tsofaffin bel a ƙusa. Shi ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka. Abin da ke tsakaninmu da rana shi ne ƙarar aikinsa. Ina kicin ina jin ƙwas-ƙwas ɗin ƙarfe, can sai in ji keke ta ɗauka, cakacakacaka, sai in san ya ci nasara, in san akwai mutum a gidan ban da ni. Da wannan ƙarar nake sanin lokacin ɗora tukunya.

Abu biyu suka haɗu suka ɓata mana. Na farko, wanda ya sayi filin da ke gaban garejin ya tayar da katanga mai tsawo, ta tare hasken da ke shigowa ta ƙofa, ga shi garejin babu taga. Wutar lantarki kuwa a lokacin ba ta iso layinmu ba, turakun sun tsaya can bakin titi. Na biyu, yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. A asibiti suka ce a jira ta nuna kafin a yi aiki, shi kuma da ma tsoron wuƙar likita yake ji, sai ya riƙe maganar jiran da hannu biyu. Na ce ya riƙa fito da teburin waje. Ya gwada sau ɗaya, rana ta kashe masa ido, wani ɗan noti ya faɗa cikin yashi muka yi ta nema har la'asar. Kuma ba ya son masu zuwa gona su gan shi yana lalube. Teloli suka riƙa raguwa. Waye zai ɗauko kan keke daga cikin gari ya hau napep har Tumfure, ya dawo bayan sati ya tarar ba a gama ba?

Ranar wata Litinin sai ga Madam. Tela ce, 'yar ƙabilar Ibo, amma a Gombe ta girma, Hausarta ta fi ta wasunmu gudu. Tun tana koyon ɗinki Malam ke gyara mata keke. Ta sauko daga napep da kan keken a naɗe cikin zane, tana haki.

"Baba! Ka gudu daji ka bar mu? Wallahi na zaci mai napep Yola zai kai ni."

Malam ya yi murmushi, abin da na kwana biyu ban gani ba. Ya ce, "Ke dai ba ki daina surutu ba. Me ya same ta?"

"Tsallake ɗinki take yi. Mutum biyu sun taɓa ta a kasuwa, kowa ya ƙara mata ciwo. Na ce ba mai sake sa mata hannu sai Baba. Ga kayan makaranta an jibge mini. Asabar zan dawo." Ta juyo gare ni. "Mama, ki riƙa ba shi tuwo da yawa, ya rame."

Ta sha ruwa ta tafi, gidan ya koma yadda yake.

Talata tun da hantsi ya shiga gareji. Na ji ƙwas, ƙwas, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na leƙa. Yana zaune, fuskarsa kusan a manne da keken, yana shafa wurin allura da yatsa. Aikin, yadda ya taɓa yi mini bayani, shi ne a daidaita allura da 'yar ƙugiyar da ke ɗauko zare daga ƙasa, su haɗu a lokaci guda, tsakaninsu kamar kaurin gashi. Wannan ba aikin yatsa ba ne, sai ido. Na kawo tocila na riƙe masa. Hasken na yawo, inuwar hannunsa na faɗawa daidai inda yake son gani.

Ya ce, "Bari kawai."

Da muka zauna cin abincin rana ya faɗi maganar, ba tare da ya dube ni ba. "Idan Asabar ta zo ban iya ba, zan mayar mata da kayanta in ba ta haƙuri. Akwatin kayan aikin kuma ki sa a kai wa mijin 'yarki na Dawaki, ya ba duk wanda zai amfana. An gama."

Na san Malam. Ba ya faɗin magana sau biyu. Na kuma san abin da zai biyo baya, domin na ga ƙanen mahaifina da ya bar saƙa: daga tabarma sai masallaci, daga masallaci sai tabarma, har magana ta ƙare masa. Idan ƙarar nan ta ɗauke daga gidan, ni da shi za mu zauna ne muna jin kukan kurciya.

A ƙarƙashin gadona akwai fitilun caji guda uku, duk matattu. Kowacce 'yan watanni ta yi ta daina. Ban zubar ba, domin ni ba na iya zubar da abu. Laraba na zuba su a jaka, na ɗauki littafina na makarantar yaƙi da jahilci da biro, na ce wa Malam zan je duba 'yarmu ta Dawaki. Na je ɗin, ban yi ƙarya ba, amma ban daɗe ba. Daga can na wuce wurin wani dattijo Bakatsine mai gyaran rediyo da tocila a gefen kasuwa, wanda Malam ya saba kai wa rediyonsa.

Na gaishe shi, na zazzage fitilun a teburinsa. Ya buɗe ɗaya, ya taɓa wayoyinta da wani batir, sai ga ƙwayayen nan sun kawo fari tas.

Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Batir ne ke mutuwa. Su waɗannan ƙananan ƙwayayen sai su binne ni da ke."

Na faɗa masa abin da nake so: haske mai faɗi, wanda ba sai an riƙe ba, wanda ba zai mutu bayan wata uku ba. Na ce ko zai haɗa mini kafin Juma'a. Ya nuna mini tulin rediyoyin da ke bayansa.

"Duk waɗannan masu su sun ce kafin Juma'a. Wasu tun Juma'ar bara. Ba ki da yaro a gida in nuna masa?"

Na ce, "Ni ce yaron."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya har da tari. "To, yaro, matso. Ka iya rubutu?"

Na buɗe littafina. Rubutuna manya-manya ne, malamarmu takan ce ko daga bayan aji ana karanta shi. Ya ciro faifan ƙwayayen daga kowace fitila, guda uku, kowanne da waya ja da baƙa. Ya ce batirin babur za a sa, shi yana da ƙarfin da zai ƙona faifai ɗaya, amma idan uku suka raba ƙarfin sai su zauna lafiya. A haɗa su kamar yara sun riƙe hannu: baƙar na farko ta kama jar na biyu, baƙar na biyu ta kama jar na uku. Jar da ta rage da baƙar da ta rage su tafi batir. Ya ba ni wani ɗan abu kamar ƙwayar wake mai zane-zane a jiki, ya ce a sa shi a kan jar waya, shi ne mai tsawatar wa wuta kada ta yi yawa. Ya ba ni makunni, da waya, da ɗan curin dalma. Na zana komai, na rubuta JA da BAƘI a inda ya ce, na sa alamar tarawa da ta ɗebewa irin na darasin lissafi. Ban taɓa zaton alamun nan za su yi mini wani aiki ban da a allo ba.

Na ce ba ni da ƙarfen narka dalma, kuma ba mu da wuta.

"Kina da kurfoti? Kina da ƙusa babba? To kakanninmu da me suka liƙe butoci?" Ya ƙara da cewa, "Ki samo abu mai zurfi, fari a ciki, ki zaunar da su, shi zai tattaro hasken. Amma ki shimfiɗa roba a ƙasa, kada bayan faifan ya taɓa ƙarfe. In ya taɓa, za ki ji wari, kuma kada ki ce ni na koya miki."

Na sayi batirin babur na hannu a layin masu kayan gyara, na biya wurin mai caji a bakin titinmu aka cika shi. A napep na rungume shi a cinya kamar jariri, mai nauyi, har gida.

Abu mai zurfi, fari a ciki. Tun a hanya na san ko mene ne, ina dai kauce wa tunanin. A ɗakina akwai kabad ɗin jerena. Langa goma sha biyu ne da murafunsu, masu jan fure, waɗanda mahaifiyata ta tara mini ɗaya bayan ɗaya da kuɗin ƙuli-ƙuli. A wurinmu kwanon jere ba a cin abinci a ciki. Ana gogewa ne a mayar, a ajiye wa 'ya mace. Na ajiye wa nawa. Da auren babbar ya zo ta ce, "Haba Inna, wa ke jere da langa yanzu?" Ƙaramar ko kallonsu ba ta yi ba. Suka tafi da kuloli da farantan tangaran, langunan suka biyo ni Tumfure. Duk Juma'a nakan sauke su in goge, ba don kowa zai gani ba.

Alhamis, bayan Malam ya tafi gaisuwar rasuwa a cikin gari, na ɗauko ta tsakiya. Na kife ta a kan turmi, na ɗora ƙusa. Na ɗauki dutse, na daɗe riƙe da shi ban buga ba. Da na buga, fentin ya tsage ya yi tsalle, baƙin ƙarfe ya bayyana, sai na ji kamar haƙorina ne ya fita. Na ce, Inna ki yafe mini. Huda ta biyu ba ta yi zafin ta farko ba. Na yi bakwai.

Na yanka tsohon tiyub ɗin taya na shimfiɗa a ciki. Na hura gawayi a kurfoti, na soka ƙusa a guntun icce don riƙewa, na sa bakinta a wuta. Liƙin dalma ba ya son gaggawa, kuma ba ya son jinkiri. Idan ƙusar ta huce, dalmar sai ta dunƙule ta ƙi kamawa. Idan ka daɗe a wurin, robar waya ta narke. Na ɓata wuri uku kafin hannuna ya gane, na ƙone babban yatsa, tabon yana nan. Kaza ɗaya ce ta tsaya tana kallona. Da na gama na taɓa wayoyin a batir, babu abin da ya faru.

Na zauna a ƙasa na buɗe littafi, na bi zanen da yatsa kamar mai koyon baƙi. Ashe faifai na uku na juya shi, baƙa ta kama baƙa. Na sake hura wuta, na cire, na gyara. Na taɓa.

Ko da rana tsaka sai da na kau da kai. Langar nan ta cika da haske kamar an zuba mata nono. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, na waiga ko akwai wanda zan nuna wa. Kazar ma ta tafi.

Na rataye ta a gareji, a ƙusar da ke bangon gaban teburinsa, tana fuskantar kujerarsa, don ina ganin nan ne za ta fi ba shi haske. Da ya dawo ya yi azahar, na ce ya zo ya ga wani abu. Ya zauna. Na danna makunni.

Ya ɗaga hannu ya kare fuska kamar an watsa masa ruwan zafi. "Kashe! Kashe abin nan!"

Na kashe.

"Ba na ganin komai sai fari. Mene ne wannan?" Ya miƙe ya lalubo ta a bango, yatsunsa suka bi bakinta, suka bi furen, suka tsaya a kan hudar. "Langar jerenki ce?"

Na ce ita ce.

"Kika huda?"

Na ce na huda.

Ya janye hannunsa daga kanta. Sannan ya ce, a hankali, "Kin yi asarar kwanonki a banza. Idon ne ya ƙare, ba hasken ba." Ya fita. Da la'asar na ji shi yana jera sukundirebobi cikin akwati, ɗaya bayan ɗaya. Ban fito ba. Ranar tuwon da na tuƙa ya yi gudaji, ba wanda ya yi magana a kai.

Juma'a da safe ban sauke langunan na goge ba, ban so in ga gurbin. Na ɗauko shinkafa 'yar gida a faifai zan tsince tsakuwa. Na zauna a inda na saba, a bakin ƙofar kicin, na juya wa rana baya. Ina cikin tsinta sai hannuna ya tsaya. Tun ina yarinya haka ake zama. Ba macen da ke tsintar shinkafa tana fuskantar rana. Kakata, wadda yana ta rufe wa ido kusan duka, tana tsince tsakuwar da mu masu ido muka tsallake, kuma kullum a inuwar zaure take zama, hasken na zuwa ta bayan kafaɗarta yana sauka a faifai. Idan rana ta yi tsanani har mayafi takan sa a rataya mata a ƙofa. Ni da na san wannan tun ban san karatu ba, na je na kafa wa Malam rana a tsakiyar ido.

Na ajiye faifan. Na cika tsohon bokitin fenti da yashi, na kafa gorar shanya a ciki, na ɗaure langar a sama da waya, na sunkuyar da bakinta ƙasa. Na ɗauko farin ƙyallen da nake tace koko da shi, na rufe bakin na ɗaure da zare. Na ja bokitin zuwa bayan kujerarsa ta hagu, don kada inuwar hannunsa na dama ta faɗa kan aikin. Na zauna a kujerar, na kunna. Hasken ya sauka a kan keken Madam a kwance, mai laushi, babu ƙyalli. Na ga ramin allura. Na ga ƙurar zare a cikin haƙoran keken. Na fito da sukundirebobin daga akwati na mayar da su kan tsumma yadda yake jera su, ƙarami a dama.

Da ya dawo daga masallaci ya ci abinci, na ce, "Malam, ka ƙara zama sau ɗaya."

"Na ce miki an gama."

"Na ji. Asabar ka ce. Yau Juma'a."

Ya dube ni. A zamanmu ban cika mayar masa da magana ba. Ya tashi ya shiga, ina biye. Na riga na kunna, don kada ya ga tashin hasken. Ya zauna. Ya sunkuya, ya juya keken da hannu a hankali, allura ta sauka ta hau. Ya sake juyawa. Sai ya miƙa hannun dama, ba tare da ya duba ba, ya ɗauki ƙaramin sukundireba.

Na fita na koma kan shinkafata. Ƙwas. Shiru. Ƙwas, ƙwas. Hadari ya taso ta gabas, masara ta fara kaɗawa, na kwashe shanya. Na ɗora tukunya na sauke. Aka kira la'asar, ya fito ya yi, ya koma. Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar ya kai shi har rana ta yi ja. Ina wanke-wanke na ji ta ɗauka. Cakacakacaka. Ta tsaya. Ta sake ɗauka, ta daɗe tana gudu. Na bar hannuna a cikin ruwan kumfa har ta yi shiru.

Ya fito da guntun atamfa a hannu ya miƙa mini. "Duba mini. Akwai tsallake?"

Na bi layin ɗinkin daga farko har ƙarshe. Na ce babu.

Ya karɓa ya sa a aljihu. Ya juya zai koma, sai ya tsaya. "Ƙyallen nan na kokonki ne?"

Na ce shi ne.

"To gobe da me za a tace?"

Iyakar godiyar da na samu ke nan, kuma ta ishe ni.

Madam ta zo Asabar da hantsi. Ta zauna ta taka keken da kanta, ta ɗinka layi uku, ta ɗaga ƙyallen sama. "Yawwa! Na faɗa musu!" Sai ta waiga ta ga gora a bokiti da langa a sama. Ta kama ciki tana dariya. "Mama, wannan kuma wane kamfani ne? Baba, da kwanon tuwo kake gani yanzu?"

Malam ya ce, "Kwanon jere ne. Ki iya bakinki."

Ta ce za ta faɗa wa teloli Baba yana nan da ransa. Ta faɗa ɗin, wasu sun zo, ba da yawa ba, Tumfure da nisa. Wani satin keke ɗaya, wani satin babu. Idan babu, sai ya kwance tsohuwar kekensa ya sake ɗaurawa, ni dai ina jin ƙwas-ƙwas daga kicin ina ɗora tukunya. Duk kwana uku nakan ɗauki batirin in kai caji bakin titi in dawo da shi. Damina biyu ya ƙara yana aiki a ƙarƙashin langar nan kafin Allah Ya karɓi abinsa, ba a kai ga yi masa aikin idon ba.

Yanzu wuta ta iso layinmu, ɗana ya sa an ja har gareji. Ya ce in bari ya fitar da bokitin nan da gorar, suna tare wuri. Na ce ya bari tukuna. Akwatin kayan aikin bai je Dawaki ba, sukundirebobin suna kan tsumma, ƙarami a dama. Langa goma sha ɗaya nake gogewa ranar Juma'a. Idan hadari ya rufe gari kuma ina da shinkafar tsinta, nakan ɗauki faifaina in shiga in zauna a kujerarsa, in kunna, hasken ya zo ta bayan kafaɗata. Nawa idon ma ya fara.